Sanarwa kan sallamar Baba daga asibiti

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya jikin mai jiki? Alhamdulillah likitocin Asibitin Malam Aminu Kano sun ce ran Litinin za su sallami Baba. To amma fa shanyewar ɓarin jiki a gida ake ainihin jinyarta, shi ya sa za mu haɗu ran Asabar bayan La'asar a babban gida mu raba aiki.

Wanda zai je ɗauko shi don Allah kar ya taho sai ya karɓi takardar sallama da ranar komawa kilinik, kuma nas ta nuna mai yadda ake ɗaga shi, ba a jan hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. Masu kwana da shi a dinga juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, abinci kuma mai laushi a zaune kaɗan-kaɗan tunda har yanzu yana ƙwarewa. Maganin hawan jini ko an ga ya ji sauƙi ba a tsayar wa, wannan shi ya fi damuna wallahi, kuma duk mai kawo na gargajiya a fara tambayar likita tukuna. Idan baki ya ƙara karkacewa ko magana ta sarƙe, asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Kowa zai kawo 5,000 na keken zama da injin awon hawan jini da kuɗin gashi. Mata biyu su yi girki kowane sati.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri.