Ruwan Tiga na kowa ne, har da mu na ƙarshen kanal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu manoman rani da Allah Ya sa gonakinmu suke can ƙarshen kanal a yankin Kadawa.

Bara na shuka alkama a kan lokaci. Sanyi ya samu, ta fito gwanin sha'awa, sai da ta fara ciki sannan ruwa ya ɗauke mana. Kwana goma sha ɗaya ina sammako in tarar da hanyar ruwa a bushe, ƙasa ta tsattsage. Dam ɗin Tiga bai ƙafe ba, don ina ganin babban kanal cike yana tafiya. Da abin ya ishe ni sai na naɗe ƙafar wando na bi bakin ƙaramin kanal ɗinmu da ƙafa har sama. A wuri uku na tarar an jera buhunan yashi an datse ruwa. A wani wurin an fasa gefe, ruwa na malala cikin gonar da ta riga ta ƙoshi, yana wucewa zuwa lambatu. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne gaɓar kanal ɗin kanta: an nome ta. Kunyoyin tumatir sun zo har bakin ruwa, hanyar da ake bi a yashe laka ta ɓace, gefen ya zaizaye ya rufta ciki, ciyawa ta kama. Buhun yashi ana iya ɗauke shi cikin minti biyar, amma gaɓar da aka cinye sai an kashe kuɗi da ƙarfi kafin ta dawo.

Matasanmu da yawa ba su san asalin wannan ɗan tsirin fili ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa ke gangarowa ta tafkin Ruwan Kanya, ba tare da inji ba, ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a kan tsarin da aka yi na shayar da hekta 22,000. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sha faɗa mana cewa da aka baje gonaki aka mayar wa masu su, kowa sai da ya ga tasa ta ragu, domin an cire wurin hanyar ruwa da hanyar mota. Ke nan filin nan da ke gefen kanal ba maras mai shi ba ne. Iyayenmu ne kowa ya yanka daga rabonsa ya bayar domin ruwa ya kai ga na ƙarshe. Wanda ya sa garma a cikinsa yau ya ci haƙƙin mutanen da bai ma san yawansu ba.

Na san yadda aka kai ga haka. Gonar da mutum ɗaya ya karɓa a wancan lokaci yanzu an raba ta gado gida shida ko bakwai. Wani ya ba da haya, wani ya jinginar, wani yana birni bai san iyakar tasa ba. Mai hayar kaka ɗaya, da ya ci bashin taki, babu abin da ya dame shi da gaɓar da za ta rufta baɗi. Da can ana dasa jema ko gamba a kan iyaka, dattawa kuma suna raye su ce daga nan zuwa nan ne. Yau dattawan sun tafi, ciyawar an tumɓuke, saura gardama.

Ba kuma zan ɗora duk laifin a kan na sama ba. Na zauna da ɗaya daga cikinsu, abokina ne tun ƙuruciya, ya ce mini: "Yaya, in na saki yau, wa ya tabbatar mini zan samu jibi?" Gaskiyarsa ke nan. Inda ba a san ranar kowa ba, duk wanda ruwa ya iso ƙofarsa zai riƙe fiye da buƙatarsa. Sai dai kuɗin ruwan da yake biya a kan kowace hekta shi nake biya.

Addininmu bai bar wannan magana a buɗe ba. Zubairu bn Awwam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan hanyar ruwan da ke shayar da dabinonsu, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya shayar da gonarsa sannan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. Imam Malik ya ruwaito hukuncin cewa na sama zai riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Na sama yana da haƙƙin farawa, amma an sa masa iyaka. Game da ƙasa kuwa, an tsine wa mai canza alamar iyaka, kuma wanda ya ci taƙi ɗaya da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Ina roƙon limamanmu na Kura da Kadawa da su riƙa yin huɗuba a kan wannan a farkon rani, lokacin da ake gyaran fangali, ba sai an kai ga zare lauje ba.

Aikin inganta ban ruwa na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara kanal-kanal da dama a nan, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin manoma su riƙe ƙananan hanyoyin da kansu. Mun gode. To, tunda ragamar tana hannunmu, ba mu da wanda za mu nuna wa yatsa. Abin da nake nema ga shugabannin ƙungiyoyin nan ba mai tsada ba ne. A fito da taswirar asali, a kira dagaci da masu unguwanni, a bi gefen kowane kanal a kafa turakun siminti a gaban idon kowa. Wanda ya shiga a bar shi ya girbe abin da ya shuka, daga nan ya ja baya. A rubuta ranakun ban ruwa na kowane layi a manna a ƙofar masallaci, yadda ko yaro zai san yau ranar wa ce. In an tashi gayyar yashe laka, a faro daga ƙarshe a nufi sama, don in aka faro daga sama ƙarfin mutane kan ƙare kafin a iso gare mu. Kuma kada a sake zaɓen shugabanni babu mutum ko ɗaya daga ƙarshen kanal a ciki.

Akwai abin da ya faɗo mini a rai ranar da nake tsaye a kan buhunan yashin nan. Mu duka Kanawa, na sama da na ƙasa, a saman wasu muke a hanyar ruwa. Ruwan da Tiga ta tare, da wanda madatsar Challawa ta tare tun 1992, shi ne da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama a can sun daɗe suna kukan cewa ambaliyar da suka saba da ita ta canza, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. Duk ruwan da muka bari ya zube a lambatu saboda fasasshen gefe, an sake shi ne da sunanmu, alhali akwai masu jiransa. Ban taɓa jin zafin kukansu ba sai da alkamata ta bushe da ciki.

Na riga na sayi irin bana, taki ma na karɓi rabi bashi. Kafin in zuba shi a ƙasa ina so in ga takardar ranakun ruwa a ƙofar masallacinmu.

Wassalam,
Wani manomin rani daga ƙarshen kanal, yankin Kadawa, Jihar Kano