Kafin Ku Iso Jidda

Jidda, Saudiyya.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da sauran 'yan uwa na nan Madina. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da kuka tsayar da shawarar zuwa wannan hutu. Ku biyo jirgin ƙasa na Haramain, wajen awa biyu kun iso, in tare ku a tasha.

Amma maganar da ka yi cewa kai da kanka za ka koya wa yara iyo a teku, wai don ka saba ninƙaya a dam ɗin Tiga muna samari, a nan ne zan ja ka. Mutumina, Bahar Maliya ba Tiga ba ce. Gishirinta ya fi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a kowace lita, shi ya sa mutum ke jin jikinsa sakayau a kan ruwa har ya ɗauka ya iya. Ƙasanta kuwa murjani ne. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku biyu sai ka ji ba ƙasa, domin a gefen murjanin zurfi yake farawa gaba ɗaya. Ga shi yana yanka ƙafa, ga wata halitta mai ƙaya da Larabawa ke kira ƙunfuzul bahar tana maƙale a cikin duwatsu. Saboda haka kowa da takalmin roba, har kai Malam. In ƙaya ta soki yaro, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, sannan a nufi asibiti.

Kurnish, titin bakin tekun Jidda, wurin shan iska ne da kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad da dare. Wurare da yawa a can an kafa allo an rubuta "mamnu'us sibaha", wato an hana iyo, kuma ba wasa suke ba. Abhur za mu je, arewa da gari, inda aka keɓe wa iyo kuma akwai masu ceto. Da hantsi za mu shiga, tun iskar arewa ba ta tayar da ruwa ba, mu fito kafin azahar. Ranar nan ba ta da kunya. In mun tarar da jan tuta, yini ya zama na shayi a kan tabarma, ko yara sun yi kuka.

Ka sayo musu rigar ceto ta gaske mai maɗauri. Tiyub ɗin nan da ake hurawa, iska kaɗan ta ja shi ciki da yaron a kai. Kai kuma, in ka ji ruwa na janka, kada ka yi dambe da shi: bi gefe, daidai da gaɓa, har ya sake ka, ka ɗaga hannu a gan ka. Ajiye lambobin nan a wayarka: 994 ta dakarun tsaron iyaka masu ceto a teku, 997 ta motar asibiti.

Mu guji Juma'a da Asabar, cunkoso da baburan ruwa sun yi yawa. Talata ko Laraba ta fi. Maman Ummi ta ce a gaya wa Hajiya kada ta wahalar da kanta da girki, amma dabinon ajwa ba yafiya.

Ka sanar da ni ranar da kuka yanki tikiti. A gaida Baba Liman in ka je masallaci.

Wassalam,
Naka,
Garba.