Wasiƙa Daga Harmondsworth

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya damina? Allah ya sa a girbe lafiya.

Ka ce in ba ka labarin inda nake zaune. To, filin jirgin Heathrow da mutanenmu suke sauka in sun zo Landan, gonaki ne a da. Mafi yawansa ƙasar Harmondsworth ce, wata gundumar coci ta karkara a yankin Middlesex, wadda sunanta ya fito tun a littafin ƙidayar ƙasa na 1086. Heathrow kuwa wani ɗan ƙauye ne a cikinta, na manoma da masu lambu da suke kai kaya kasuwar Landan. A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta karɓi filayen aka rushe gidajen, zuwa 1946 jiragen fasinja sun fara tashi.

Abin da na so a ce ka gani da idonka shi ne tsohon rumbun Harmondsworth. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Makarantar Winchester, wadda ta mallaki gonakin a lokacin, ita ta gina shi wajen 1426. Tsawonsa ya kusa mita 60, ginshiƙansa manyan itatuwa ne a kan duwatsu, kuma yawancin katakon na asali ne. Nan ake jibge dammunan alkama da sha'ir kafin a sussuke, haka aka yi ta amfani da shi har shekarun 1970. Kai da ka san wahalar adana hatsi, ka duba yawan hannun da zai cika wannan wuri! Hukumar English Heritage, mai kula da wuraren tarihi, ta saye shi ta gyara.

Daf da shi akwai cocin St Mary, wani sashensa tun ƙarni na 12.

Akwai kuma gidan tsare baƙin haure a nan, inda ake ajiye mutane kafin a mayar da su ƙasashensu, har da 'yan Najeriya. Ba na wucewa ta wurin raina bai sosu ba.

Yanzu maganar gari ita ce titin saukar jirage na uku. In aka yi shi, gidaje da yawa za su tafi. Tsofaffin ƙauyen sun daɗe suna ƙin amincewa, ni ma ina bayansu, domin an riga an ci ƙasarsu sau ɗaya.

Ka gaida Baba da su Hajiya. Ina sa ran amsarka.

Naka har kullum.