Amsa ga Alhajin da ya tambayi wa ke biyana

Alhaji, sallama da girmamawa.

A gaban 'yan kasuwar Birnin Kebbi ka tambaya: nawa masu gidajen mai suka ba ni don in ɓata ƙananan motocin lantarkin da kake shigowa da su? Ka ƙara da cewa bakanike ba injiniya ba ne. Wannan na bar maka shi, gaskiya ne.

Ta kuɗin ce ta yi mini zafi. Direbobin hanyar Jega da Argungu sun san garejina, sun san wanda ke hana mutum tafiya da birki marar kyau ko da zai rasa cinikin ranar. Ka tambaye su wa ya taɓa sayena. Ni ban da hannun jari a fetur. Kai fa, Alhaji, kwantena nawa ke kan hanya?

Abin da na faɗa shi ne a nuna mana takardar gwajin karo. A 2014 hukumar Euro NCAP, mai gwada ƙarfin motoci wajen karo a Turai, ta ɗauki irin waɗannan ƙananan motoci guda huɗu, har da Renault Twizy, ta buga su a gudun kilomita 50 kacal a awa. Duk sun nuna rauni mai tsanani, a wasu har bel ɗin direba ya saki daga maɗaurinsa. Kayan da aka yi wa Bature ke nan. Naka kuwa na leƙa ƙarƙashin ɗaya: batirin lithium na zaune ƙasan kujerar fasinja, tsakaninsa da kwalta falle ɗaya na ƙarfe wanda na lanƙwasa da babban yatsa. Irin batirin nan in ya huje ko ya yi zafi fiye da kima, da kansa yake cin wuta, kuma bokitin ruwa ba ya kashe shi. Ka san yadda Afrilu take a Kebbi, zafi na haura digiri 40.

Ba kai kaɗai ba ne. An mayar da mu kasuwar da ake juye duk abin da ba a gwada ba, a yi masa fenti, a kira shi ci gaba, 'ya'yan talakawa kuma su zama 'yan gwaji a kan titi.

Ka kawo rahoton karo da na batiri, da sunan ɗakin gwajin da ya yi su. Ka san inda garejin yake.

Naka,
Wani bakanike, Birnin Kebbi