Zuwa ga ƙawata mai jiran baƙo

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan, ya kuma zaman jira? Saƙonki ya iso. Inda kika ce kina tsoron a miƙo miki yaron ki ji kamar ɗan maƙwabta aka ba ki riƙo, nan na tsaya na daɗe.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar farko muryar matar da ta ɗaukar muku cikin zai fi ganewa. Tun wajen wata na shida ɗan tayi ke jin sauti, da bugun zuciyarta da maganarta ya saba. Don haka ki naɗi muryarki a waya ki tura mata, ta riƙa kunnawa kusa da cikin. Ko waƙar rainon nan taki ce mara kai, haka zai haƙura.

Na taɓa karɓar irin wannan haihuwar. Matar da aka dasa ƙwanta a mahaifar wata tana tsaye bakin gado, hannunta na rawa, sai da ta nemi izinina kafin ta taɓa 'yarta. Na ce ta buɗe gaban rigarta, na kwantar mata da jaririyar a ƙirji, fata da fata, na lulluɓe su da tawul. Kukan ya yi ta ja da baya har ya ɗauke. Uwar ce ta karɓi kukan. A Bogota ta ƙasar Kolombiya likitoci suka fara wannan dabarar a 1978, saboda bakwaini sun fi ƙarfin kwalaben asibiti. Ɗumin jikinki da ƙamshinki jariri yake koya, kuma ganinsa bai wuce santimita 30 ba, daidai tazarar ƙirjinki zuwa fuskarki.

Zancen nono, mai yiwuwa ne ko ba a yi ciki ba, in an fara tatsa da na'ura makonni kafin haihuwa, likita na lura. Ba lallai ya ƙosar da shi ba.

In kuma daren farko ba ki ji komai ba sai gajiya da tsoro, kada ki tuhumi kanki. Na ga waɗanda suka yi naƙuda da kansu, sai bayan makonni zuciyar ta kama.

Takardu ki bi su da wuri. A Ingila, misali, wadda ta haifa ita ce uwa a doka har sai kotu ta mayar da haƙƙin.

Ki gaishe min da mai ɗauke da cikin sosai. Kumburin ƙafar nan da kika ce tana fama da shi, ya sauka kuwa?

Taki har kullum.