Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kula Da Tacewa Da Rarraba Man Fetur (NMDPRA) Kan Tururin Fetur A Gidajen Mai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan warin fetur da ke tashi a gidajen mai da defo-defo na ƙasar nan, wanda jama'a suka saba da shi har ba sa ɗaukarsa a bakin komai. A cikin tururin nan akwai sinadarai masu saurin bin iska, irin su benzin da toluwin da zailin, kuma benzin ne mafi haɗari a cikinsu. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, domin yana lalata ɓargo, inda ake ƙera jini, kuma yana jawo sankarar jini. Hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi nasa a cikin iska da za a ce ba shi da illa.

Na nufo ka da wannan magana ne saboda dokar da ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, a 2007 ta ware harkar mai da iskar gas daga ikonta, ita kuwa Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta damƙa wa hukumarka lasisin matatu da defo da gidajen mai.

Duk lokacin da tanka ta sauke mai a cikin tankin ƙarƙashin ƙasa, man da ya shiga yana tunkuɗo tururin da ke ciki zuwa waje, haka kuma yake faruwa idan ana zuba wa mota. Mai mota yana shaƙa na ɗan lokaci ya wuce, amma yaro ko yarinyar da ke riƙe da kan famfo tun safe har dare, su ne ke kwasar kaso mafi yawa, musamman a Arewa cikin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kuma fetur ke ƙara saurin zama tururi. Takunkumin yadi da wasunsu ke ɗaurawa ƙura kawai yake tarewa, tururi kuwa ratsa shi yake yi. Halin 'yan bumburutu ya fi muni, domin a fili suke juye mai daga jarka zuwa kwalba, wasu har da baki suke zuƙo shi ta tiyo, kuma da yawansu yara ne.

Maganin wannan matsala sananne ne. Tarayyar Turai ta wajabta tun 1994 a riƙa mayar da tururin zuwa cikin tankar da ta kawo man ta hanyar tiyo na biyu, a kai shi defo a sake mayar da shi fetur, sannan a 2009 ta ƙara da dokar kama tururi a bakin famfo, wadda ta ce na'urar ta kama aƙalla kashi 85 cikin 100. Tun shekarar 2000 kuma ta taƙaita benzin a cikin fetur da kada ya wuce kashi 1 cikin 100. A ganina matakin farko, wato mayar da tururi cikin tanka, ya kamata mu fara da shi, domin ya fi araha, kuma defo da tankoki sun fi sauƙin sa ido fiye da dubban famfuna. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk litar da ta bi iska kuɗi ne mai yawa, don haka dillalan da za su koka da tsadar na'urar suna da abin da za su ci a ciki.

Ina roƙon hukumarka ta riƙa wallafa adadin benzin da ke cikin man da ake shigowa da shi da wanda ake tacewa a gida, tunda matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma rage benzin a matata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan farautarsa bayan ya bazu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya gano benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma sai da aka auna aka sani, alhali mutane sun daɗe suna shan ruwan.

Haka nan a daina ba da lasisin gidan mai a jikin katangar makaranta ko asibiti ko gidajen jama'a, a kuma sanya gwajin jinin ma'aikata duk shekara, a kan kuɗin mai gidan man, cikin sharuɗɗan sabunta lasisi.

Na gode da sauraro.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano