Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Maraɗi Kan Masu Sayar Mana Da Tikitin Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izini in kawo maka wata magana da na san wasu za su ce ba ta kai a ajiye ta gaban Gwamna ba, ga matsalar tsaro a yankin Madarunfa da Gidan Rumji, ga tsadar hatsi. Na yarda ba ta kai waɗannan ba. Amma dukiyar mutanenka ce ke zubewa a cikinta, kuma gyaranta bai buƙatar kasafin kuɗi. Umarni ne kawai da takarda guda.

Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar garin nan, ina sayar da shadda da yadi, kuma na daɗe ina zuwa Dubai sarin kaya. Na san abin dariya ne a ce Bamaraɗe, wanda ruwan da ya sani bai wuce tafkin Madarunfa da Gulbi idan damina ta yi albarka ba, yana rubuta wasiƙa kan jirgin teku. To amma duba wayarka, ranka ya daɗe. Ƴan ajans, masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye, sun cika Facebook da WhatsApp da hotunan wani jirgi mai hawa goma sha wani abu, fari tas, da rubutu a ƙasa: kwana bakwai a teku, Dubai, Doha, Maskat, ci da sha da makwanci duk a ciki. Masu hali sun fara saye, wani don ya faranta wa uwargida, wani don amarya. Ni ma na saya a hunturun bara, muka tafi mu shida, har da Hajiyata.

Mu biyar muka shiga jirgin.

Na shidan wani dattijo ne maƙwabcin rumfata, mutumin da ya girme ni da shekara kusan ashirin. Muna kan layi a tashar jiragen ruwa ta Rashid da ke Dubai, an riga an karɓi manyan akwatunanmu, sai yarinyar da ke duba takardu ta riƙe fasfonsa ta daɗe tana kallon kwamfuta. Ta kira wani, shi ma ya kira wani. Ashe bizar da ajans ya yi masa ta shiga Daular Larabawa sau ɗaya ce. Shi kuwa jirgin fita yake daga ƙasar ya je Katar da Oman ya komo, kuma komowar nan sabuwar shiga ce a wurin jami'an shige da fice. Ni da sauran Allah ya taimake mu, muna da biza mai shiga da fita saboda harkar kaya. Alhaji ya tsaya da carbinsa a hannu yana ce mini, "Gaya mata na biya, ga rasit." Na gaya mata. Ta ce ta ga rasit, amma ba ta da ikon barinsa. Aka nemo masa akwatinsa daga cikin ɗaruruwan akwatuna, ya zauna a kai. Muka kira ajans a Maraɗi sau takwas, waya a kashe. Haka na sa shi a tasi zuwa masaukinmu na Deira, ina jin kunyar haɗa ido da shi, kamar ni na cuce shi.

Kamfanin jirgin bai mayar masa da ko dala ba, kuma a takardar yarjejeniyarsu haka abin yake: neman biza na kan matafiyi, wanda ya zo babu ita ya yi asara. Takardar da Turanci take, shafi a kan shafi, ba wanda ya karanta wa Alhaji ita. Mai fasfon Nijar ba kamar Bature ba ne da zai sauka ko'ina ya wuce. Kowace ƙasa da jirgin zai tsaya sai an bincika ƙa'idarta tun daga gida, ko da mutum ya ce shi ba zai sauka ba, domin akwai kamfanonin da ba su karɓar wannan uzuri. Mai son jiragen Bahar Rum kuma sai ya nemi bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda ke buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma idan hanyar ta ratsa Tunisiya ko Turkiyya ta komo Turai, ita ma sai mai shiga da fita. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 neman wannan biza ya ƙara wuya. Ga fasfo da ake so ya rage masa aƙalla wata shida, ga katin rigakafin shawara. Wanda ya karɓi miliyoyin mutum ai ya kamata ya san waɗannan, in kuwa bai sani ba, me ya kai shi sana'ar?

Sai maganar "duk a ciki", wadda ita ce ƙaryar da ta fi yi mini ciwo, don da murmushi aka faɗa mini ita. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ake ba ka, shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka wajen fita da shiga, shi ne kuma littafin bashinka. Wanda ba shi da katin banki, kamar yawancin mutanenmu, sai ya ajiye kuɗi hannu tun ranar farko. Abinci kam akwai shi har ya ishi mutum, dare da rana. Amma ruwan gora, lemo, intanet, yawon da jirgi ke shiryawa a gari, wanki, hoton da wani yaro ya ɗauke ku a bakin ƙofa kuna ta murna, duk kati ake miƙawa. Bayan wannan akwai ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, galibi tsakanin dalar Amurka 10 zuwa 20 gwargwadon kamfani. Mu Yuro 12 aka sa mana. Mutum biyu, kwana bakwai, Yuro 168 ke nan, sama da jika 110 na sefa, kafin ka sha ko ruwa. Ba na ƙyashin wannan kuɗi. Na ga yaron Filifin da ke gyara mana ɗaki, wata da watanni bai ga iyalinsa ba, ya ci halaliyarsa. Abin da na ƙi shi ne ɓoye mini da aka yi. A daren ƙarshe aka zuro takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa, Hajiya ta ɗauka ta miƙo mini, ta ga fuskata ta ce, "Lafiya, ko mutuwa aka yi?" Kuɗin da na ware na shadda yadi ɗari ne ya tafi.

Waya ma tarko ce. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, layi kan koma ta tauraron ɗan'adam da tsada mai ban tsoro. A sa ta a yanayin jirgin sama har sai an iso tasha.

Akwai abin da ya fi kuɗi, ranka ya daɗe. Kafin jirgi ya tashi ana sa kowa ya san wurin taruwarsa idan hatsari ya auku, da yadda ake sa rigar ceto. Alamar hatsari ƙaho ne gajere sau bakwai, sannan dogo sau ɗaya. An tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga jirgin a yammacin ranar ba a riga an yi musu wannan atisaye ba. Yanzu dole a yi shi kafin tashi ko nan take bayan tashi. A jirginmu an yi bayanin da Turanci, da Italiyanci, da Jamusanci, da Faransanci. Hajiya ba ta jin ko ɗaya. Wata baiwar Allah cikin tawagarmu ta ji ƙaho ta ɗauka kiran abinci ne. Mun yi dariya a lokacin, daga baya da na kwanta a ɗakinmu marar taga, ƙasa da hawa da yawa, na tuna ba mu iya iyo ba dukkanmu, dariyar ta fita daga raina.

Na kusa barin matata a Katar, ko in ce mun kusa barin kanmu. Agogon Doha yana bayan na Dubai da awa ɗaya. Wasu jirage kan canza agogonsu idan sun shiga wata ƙasa, wasu ba su canzawa, namu bai canza ba. An rubuta a bakin tsani cewa kowa ya dawo biyar da rabi, agogon jirgi. Muka shiga kasuwar Waƙif, Hajiya ta nutse cikin turaren wuta da mayafai, ni kuma jinin kasuwanci ya motsa ina ta taya yadi da ba ni da niyyar saye. Wayata ta riga ta koma agogon gari da kanta, tana nuna huɗu da minti goma, ina cewa da sauran lokaci. Wani Basudane mai shago ne ya ga katin jirgi a wuyana ya tambaye ni, da agogon wa nake aiki? Ranka ya daɗe, ban san Hajiya ta iya gudu ba sai ranar. Muka iso ana shirin janye tsani, mutane a saman jirgi suna tafa mana, ledar turare ta fashe a hanya. Jirgi ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata Alhaji na alwala. Yana jiran waɗanda suka fita yawon da shi ya shirya, amma wanda ya fita da kansa ya makara, sai ya nemi hanyar cim masa a ƙasa ta gaba da kuɗin aljihunsa, da bizar da wataƙila ba shi da ita. Tun ranar nake ɗaura agogon hannu, nake kuma ɗaukar hoton takardar shirin yini, don a jikinta ake rubuta lambar wakilin jirgi na kowace tasha.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa tafiya ta yi daɗi ko ta gundura. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, sai ka duba taswirar da talabijin ɗin ɗaki ke nunawa ka gane inda aka dosa, kuma ya kamata mutum ya tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi tun kafin ya bar gida. A tafi da ƙaramar buta ta roba, don bayin jirgi ba ruwan tsarki. Butar shayi ta lantarki da dutsen guga kuwa ƙwace su ake yi a ƙofa saboda tsoron gobara. Nama sai an tambaya, har miya da kayan zaƙi wani lokaci da giya a ciki. Kifi da ganye sun fi kwanciyar hankali. Wanda wannan ya dame shi ƙwarai, akwai kamfanin Saudiyya mai suna AROYA da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba a sayar da giya a jirginsa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a jakar hannu, don manyan akwatuna kan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki, kuma likitan jirgi kuɗi yake karɓa masu nauyi. Mace mai cikin da ya kai mako 24 yawancin kamfanoni ba su ɗaukarta. Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa. Kuma kada a yarda ajans ya haɗa saukar jirgin sama da tashin jirgin ruwa rana ɗaya. Daga Yamai sai an ya da zango a Adis Ababa ko Istanbul, jinkirin awa uku ya isa ya cinye tafiyar duka.

Na ji kuma an fara yi wa samarinmu tallar aiki a irin waɗannan jirage, a biya kuɗi a samu gurbi. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki don a sama masa aikin jirgi. Duk wanda ya ce a ba shi jika ɗari biyar na "rajista", a tambaye shi da kyau.

Roƙona ga Mai girma Gwamna shi ne ka sa ofishin yawon buɗe ido na jiha ya tara masu ajans na garin nan, a tantance wa ke da lasisi, wa ke aiki da waya da hoto kawai. Sannan a wajabta musu, kafin su karɓi ko dala, su ba mai saye takarda da Hausa, boko da ajami, da Faransanci, mai ɗauke da sunan jirgi, da ƙasashen da zai tsaya, da irin bizar da kowace ke nema ga mai fasfon Nijar, da kuɗin da ba ya cikin tikiti, da abin da za a mayar idan laifin ajans ne ya hana mutum tafiya. Ajans ya sa hannu, mai saye ya sa hannu, a ajiye kwafi. Idan aka ƙara da shirin rabin awa a gidajen rediyonmu kafin lokacin sanyi, lokacin da jiragen yankin Gulf ke aiki, ni da kaina zan zo in ba da labarin gudun da muka yi a Doha, ko da za a yi shekara ana yi mini ba'a a kasuwa.

Alhaji maƙwabcina har yau bai ga kuɗinsa ba. Ya kai magana wurin manyan kasuwa, mai ajans ya zo ya rantse cewa shi ma bai san da wannan ƙa'ida ba, aka ce a yi haƙuri, aka sha fura aka tashi. Rasit ɗinsa, da kwafin bizar, da takardar lissafin da aka zuro mini ta ƙarƙashin ƙofa, duk suna cikin ambulan guda a rumfata. Ranar da ofishinka ya neme su zan kawo da hannuna.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba jiharmu lafiya.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga layin ƴan shadda, Maraɗi.